Mushen Kaji a Hanyar Keke

Lahadi, 1 ga Oktoba

'Yata Dorsaf ta kawo keken. A bayan motarta ta ɗauro shi tun daga Janduba, ta sauke shi a tsakar gida tana murmushi kamar wadda ta kawo ragon layya. Kore ne, ƙahonsa a lanƙwashe ƙasa, tayoyin duk ƙuraje. Sirdin bai kai tafin hannuna faɗi ba. Na tambaye ta a ina ake zama. Ta ce, "Baba, don Allah kar ka fara."

Ni Munji, da na ƙarar da ƙuruciyata a kan sitiyarin bas tsakanin Ain Draham da Tabarka, ba abin da na tsana a hanya irin masu keke. Ka sha kwana ka iske su a gabanka suna murguɗa baya. Yau ga shi an ce in zama ɗayansu. Likita ya ce tunda aka saka min ɗan ƙarfen nan a jijiyar zuciya, ko in motsa jiki ko in koma gadonsa. Doguwar tafiya a ƙasa gwiwa ta hana. Dorsaf kuwa jinya take aiki, ita da likitan bakinsu ɗaya.

Har da wando ta sayo. Baƙi, matsattse, da soso a mazauni. Matata Wasila ta ɗaga shi da yatsa biyu ta ce, "Wannan na wace yarinya ce?" Uwa da 'ya suka yi ta dariya. Na shiga ɗaki.

Talata, 3 ga Oktoba

Ban taɓa shi ba. Wasila ta shanya tsumman goge-goge a ƙahonsa. Ya samu aikin da ya dace da shi.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Dorsaf ta zo da ƙungiyarsu ta masu keke. Manya-manyan mutane, wasu da furfura, kowa sanye da kayan da ko a banɗaki ba zan yarda a gan ni da su ba. Shugabansu wani likitan haƙori ne, Anis, mai farin murmushi irin na talla. Ya riƙe hannuna ya ce, "Si Munji, yau za a sake haihuwarka." Na ce sau ɗaya ma ya ishe ni.

Mun bi ta bayan gari zuwa tsohuwar hanyar masu ɓare ɓawon itace. Yanzu an gitta ƙarfe a bakinta da kwaɗo, mota ba ta shiga. Sun ce shi ne daɗinta. Hanyar da mota ba ta bi, ni ban ga abin da ya sa ake kiranta hanya ba. Tsakuwa, rami, saiwa. Haƙorana suka yi ta karo da juna, wataƙila da gangan likitan yake kawo mutane nan.

A hawan farko na sauka na tura. A na biyu ma. A gangare na damƙe birkin gaba, keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Na faɗa cikin ciyawa mai ƙaiƙayi. Kafin a ɗaga ni sai da Anis ya ɗauki hoto.

Suna shan wani abu mai yauƙi daga 'yar leda, wai yana ba da ƙarfi. An ba ni. Kamar majina da sukari.

Abu ɗaya ne ban zaga ba. Idon ruwan Ain Tuta, ƙasan kwazazzabo, inda wasu 'yan gidaje suke. Ruwan sanyi ƙalau. Na sha har na cika gorata. Wata tsohuwa tana ɗiba, Inna Mbarka, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ba kai ne direban bas ba? Me ka yi musu suka ƙwace maka ita?"

Litinin, 9 ga Oktoba

Ba na iya zama. A tsaye na ci abinci. Sallah ma da dabara.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Na fita ni kaɗai, don Dorsaf tana bugo waya kullum da safe tana tambayar uwarta, uwar kuma ba ta iya ƙarya ba. Na sa wandona na mutunci a kan nasu.

Ba kowa a hanyar sai kashin aladun daji da ledojin 'yan yawon shaƙatawa. Har da ƙunzugun jariri an rataye a reshe. Wane irin mutum ne zai hau dutse don ya rataye wannan?

Na huta a Ain Tuta. Inna Mbarka ta ba ni gurasa mai zafi daga tanderunta da man zaitun. Mijinta, Baba Salah, yana zaune a rana da bargo a ƙafa. A da shi ne gwanin ɓare ɓawo a dajin nan, yanzu bugun jini ya ɗauke masa gefe ɗaya. 'Ya'yansu duk suna birni. Ya nuna keken da hannunsa mai lafiya ya ce, "Yana cin sha'ir?" Na ce a'a, ni yake ci.

Na sake cika gora.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ciki ya ɓaci tun jiya. Ina zarya. Wasila ta ce lablabin bakin tasha ne, miyar waken nan mai yaji, ni na ce majinar Anis ce ta makara.

Laraba, 18 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na fita bayan asuba don kar masu zaman gidan gahawa su gan ni da hular kwano. Na wuce ƙarfen, na yi nisa, sai na ji ƙarar inji a gabana. A hanyar da aka ce mota ba ta shiga. Na ja keken gefe cikin ciyawa. A-kori-kura ce shuɗiya ta gangaro da gudu, bayanta fanko, ruwa mai duhu yana ɗiga. Ta wuce ni har iskarta ta taɓa ni. Na san motar. Na san direban. Lutfi ne, ƙanen Wasila, mai gonar kaji. Ya kalle ni ido da ido bai gane ni ba. Wa zai gane surukinsa cikin hular kwano da baƙin tabarau?

Warin da ta bari shi ya ja ni. Na bi sawun taya har inda ya ratse, bakin kwazazzabo. Na leƙa.

Kaji. Mushen kaji tuli guda, fararen nan na gona, wasu na yau, wasu sun narke sun zama taɓo da gashi. Tsutsa tana motsi har tulin kamar numfashi yake. Ƙudaje kore shar. Ƙarƙashinsu ɗan ruwan kwazazzabon yana ratsawa yana gangarawa. Na tsaya ina bin sa da ido, ina ƙoƙarin in ce wa kaina wani wajen yake zuwa. Ba inda yake zuwa sai Ain Tuta.

Na yi amai har sai da ƙirjina ya yi zafi na tsorata. Na cire gorar daga jikin keken. Na so in yi jifa da ita, sai na tuna mai ƙunzugu. Na kawo ta gida na jefa a shara.

Na gangara wurin Inna Mbarka tukuna. Na ce kar su ƙara shan ruwan nan sai sun tafasa, akwai mushe a sama. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce tun ƙarshen bazara ruwan ya canza ɗanɗano, kuma suna jin mota da sassafe. Ɗayan idon ruwan yana bayan dutse, ƙafarta ba ta kaiwa. Na ce me ya hana ta gaya wa malamin daji. Ta yi dariya.

"In kira shi ya zo ya ƙirga awakina? Mu da muke zaune a dajin gwamnati da kawaici? Ɗana, ka ga mai motar?"

Na ce ban gani da kyau ba.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Kuskus a gidan Lutfi bayan masallaci, kamar kowace Juma'a tun rasuwar surukata. Da kaza, mana. Matarsa ta zaɓo min cinya ta ɗora a gabana. Na kalli fatar, rawaya, tana ƙyalli. Na ce likita ya hana. Wasila ta ce, "Yaushe? Jan nama ya hana." Na tashi na fita baranda.

Lutfi ya biyo ni da shayi. Na ce masa, "Shekaranjiya ka kusa take wani mai keke."

Ya ƙura min ido. Sai ya yi dariya, ya ce, "Kai ne? Wallahi na ɗauka Bature ne."

Na ce na ga abin da ya zubar. Ya ajiye kofin. Ya ce ciwo ne ya shiga masa rumfa ɗaya, kullum da safe sai an kwashe matattu. In likitan dabbobi na gwamnati ya ji, za su rufe gonar su kashe har masu lafiya. Ya ce akwai magidanta da ke ci a ƙarƙashinsa. Makullin ƙarfen kuwa tun lokacin da yake kwasar itace yake da shi, ba wanda ya karɓa.

"Daji ne fa, Munji. Dila da aladu za su cinye."

"Akwai mutane a ƙasa suna shan ruwan."

"Tsofaffi biyu da awaki. Cikinsu ya saba da abin da ya fi haka."

Na ce ni ma na sha. Ya ce, "To ga ka nan a tsaye." Daga baya da ya ga fuskata ya sassauta. Ya dafa kafaɗata ya rantse ba zai ƙara ba, zai haƙa rami a gonarsa. Hannun nan nasa. Na ji kamar in wanke rigar.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na gaya wa Wasila. Tana yankan albasa, ba ta ɗago ba. Ta ce tunda ya rantse shi ke nan. Na ce in bai daina ba fa? Ta ajiye wuƙar.

"Ranar da ka faɗi a bakin ƙofar nan, wa ya ɗauke ka a kafaɗa? Wa ya tuƙa ka har Janduba yana kuka? 'Yarka tana bakin aiki, ni ina ihu, maƙwabta suna kallo. Shi kaɗai ya rage min a duniya, Munji."

Gaskiya ce duk. Shi ya ɗauke ni. Har takalmina shi ya riƙe a asibiti.

Ta ce kuma kar in kuskura in gaya wa Dorsaf, don ita ba ta san kawu ba in ta hau.

Talata, 24 ga Oktoba

Kaza a gida. Na ci gurasa da zaitun.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ƙungiya ta dawo. Na yi ƙoƙarin karkatar da su wata hanya, na ce waccan ta lalace. Anis ya ce lalacewar ake nema.

Tun kafin kwazazzabon suka fara toshe hanci. Ba wanda ya ratse ya leƙa, kowa ya ƙara wa feda wuta. Da muka tsaya ƙasa na hana su shan ruwan, na ce wata dabba ce ta mutu a sama. Anis ya kalli gidajen, ya kalli awakin, ya ce da Faransanci, a gaban matar, wai mutanen nan ba za su taɓa koyon tsabta ba, an ba su aljanna suna zubar da shara a ciki. Wata ta ce ai sai gwamnati ta tashe su daga dajin. Inna Mbarka ba ta jin Faransanci amma ta ji. Ta ɗauki tulunta ta shige.

Ni kuwa na duƙa ina duba sarƙar keke. Ba abin da ya sami sarƙar.

A hanyar dawowa Dorsaf ta ce na yi ƙoƙari yau, ban sauka a hawan farko ba. Ban ma lura ba. Haushi ne ya hau da ni.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Ruwan sama tun Talata. Na fita duk da haka, taɓo har gira. Na gaya wa Wasila likita ne ya ce kar a yi fashi. Ƙarya, so nake in gani.

Sabon sawun taya. Sabon tuli, ya fi na da, har da buhuna. Ruwa ya cika kwazazzabon yana kwasar su ɗaya bayan ɗaya yana gangarawa da su. Na ga ƙafar kaza maƙale a saiwa, dab da inda ake ɗiba.

Itacen Inna Mbarka ya jiƙe. Ta ce wutar da ta samu ta girki ce kawai, ba ta isa tafasa ruwa kullum ba. Suna tarar na sama a roba, amma robar ƙarama ce.

Na kira Lutfi da na sauko inda waya ke kamawa. Ya ce ƙasa ta jiƙe, rami ba ya haƙuwa, wannan ne na ƙarshe. Ya ce, "Kai yanzu ɗan sandan daji ka zama? Ka hau kekenka ka sha iska, Si Munji." Bai taɓa ce min Si ba, kiran girmamawar da ake wa bare, sai yau.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na ɗaura jarka biyu ta ruwan famfo a keken na kai musu. Ba a yi keken don kaya ba. Sau biyu ya kayar da ni. Ɗaya ta fashe a hanya.

Wai ni nan na yi wani abu.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Ranar kasuwa. Ina gidan gahawa da tsofaffin direbobi, suna tsokanata wai yaushe zan shiga gasar keke ta Faransa. Sai ga jaki ya shigo ta hanyar sama, wani maƙwabcinsu yana ja, Inna Mbarka a gefe tana riƙe da mutum don kar ya zame. Baba Salah ne. An ɗaure shi da igiya a kan jakin kamar buhun gawayi. Idonsa ya faɗa, leɓensa ya tsage, bargon duk ya ɓaci. Tun Juma'a yake gudawa da amai.

Mun sa shi a motar haya zuwa asibiti. Ni na ɗauki ƙafafun. Ba nauyi ko kaɗan. Warin da ke jikinsa na san shi.

Kafin a rufe ƙofa Inna Mbarka ta riƙe hannun rigata. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka ce ba ka gani da kyau ba. Ni na gani. Ƙanen matarka ne, tun yana yaro na san shi. Ban faɗa ba don kai ka ci gurasata."

Na koma gahawa. Kofina yana nan. Ban iya sha ba.

Talata, 7 ga Nuwamba

Ofishin malamin daji yana can saman tudu, inda hasumiyar hangen gobara take. Da zan iya shiga mota ta babbar hanya, amma duk direban da ya kai ni, kafin azahar gari ya ji. Na bi ta daji.

Ban taɓa hawa irin wannan ba. Tsakuwa tana zamewa, tayar baya tana juyawa a banza. Zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Na ce in ta tsaya a nan, to an raba gardama, Wasila ta huta da zaɓi. Ba ta tsaya ba. Na sa giya mafi sauƙi na yi ta niƙa kamar jakin rijiya. Ina tafe ina zagin Lutfi, ina zagin likita, ina zagin wanda ya ƙirƙiro keke.

Si Rida, malamin dajin, yana cin kifin gwangwani a kan tebur. Ya ga tsoho jiƙe da gumi da taɓo, ya miƙo min kujera. Na faɗa masa duka, da wurin da sunan. Ya daina tauna.

"Lutfi ba surukinka ba ne?"

Na ce shi ne.

"Kuna rigimar gado?"

Na ce ba ma rigimar komai, ranar Juma'a ma a gidansa nake cin abinci. Na roƙe shi abu ɗaya, kar ya taɓa mutanen Ain Tuta da awakinsu. Ya ce shi ba awaki ne a gabansa ba yau. Ya ɗauki hularsa.

Da na iso gida na gaya wa Wasila da bakina kafin ta ji a waje. Ta dube ni kamar ni ne abin da ke cikin kwazazzabon. Ta kwashe matashinta ta koma ɗakin Dorsaf.

Juma'a, 10 ga Nuwamba

Su Si Rida sun tare Lutfi jiya da safe a bakin ƙarfen, da kaya a mota. Likitan dabbobi ya je gonar. An rufe. Rumfa biyu za a kashe, ta ukun ana jira a gani.

Ba kuskus yau. Wasila ta tafi ita kaɗai.

Asabar, 11 ga Nuwamba

Lutfi ya zo. Bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, daidai inda na faɗi a bara. Ya rame. Ya ce, "Da na sani da na bar ka a nan." Sai ya ga yayarsa a bayana, ya sunkuyar da kai ya tafi.

Ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya tofar da yawu da na wuce a bakin tasha. Yana da 'ya'ya ƙanana. Ban ga laifinsa ba. Ban ga nawa ba kuma. To laifin wa zan gani, kaji?

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Dorsaf ta ji komai. Na ɗauka za ta yaba. Ta tsaya a kaina ta ce, "Tun sha takwas ga watan jiya ka sani, Baba? Ka bar ni na tsaya a wurin ana zagin matar nan?" Daga nan ta shiga wurin uwarta, na ji su suna kuka tare. Kowa da dalilinsa na ƙin ganina.

Ta ce ta leƙa Baba Salah. Ƙodarsa ta taɓu amma ana sa rai.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Abinci a rufe a kan tebur, ba magana. Gishiri daidai. Da ma ta zuba da yawa, da na san fushi ne mai wucewa.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Ranar kwashewa. Si Rida ya buɗe ƙarfen, motar hukuma ta shiga da farar ƙasa da shebur. Ma'aikata kaɗan ne, sai Dorsaf ta kawo ƙungiya. Na ce yau za mu ga ƙarshen farin murmushi.

Ba zan rubuta abin da shebur yake ɗagowa ba. Na sa tsumma biyu a hanci, da turaren Wasila da na sata, duk da haka har yanzu ina jin warin a maƙogwaro. Wata lauya ta suma. Anis ya yi amai sau da yawa, ya koma ya ɗauki shebur, ya sake yi, ya sake komawa. Har la'asar yana cikin ramin da takalminsa mai tsada. Ban so in rubuta wannan ba amma haka aka yi.

Da aka gama ya sauka wurin Inna Mbarka, ya ce da Larabci ya yi mata rashin kunya kwanan baya. Ta ce, "Wanne ne kai a ciki? Duk kamarku ɗaya da hulunan nan." Ya buɗe baki zai yi bayani. Ta buɗe nata ta nuna masa wani haƙori da ke damunta.

An ce kar a sha ruwan sai an gwada. Hukuma za ta riƙa kawo tanki bakin ƙarfe. Bakin ƙarfe. Ita kuma ta ɗauko a ka daga can, ko?

Na ƙone wandon sama da na sa. Nasun na ciki ya wanku, abin haushi.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Jarka ɗaya a baya ta fi biyu a gefe. Wani makaniki ya ƙera min ɗan ƙarfen ɗaura kaya. Dorsaf ta ce na ɓata keken. Na ce na mai da shi abin amfani.

Talata, 28 ga Nuwamba

An sallami Baba Salah. Maƙwabcin ya mai da shi a jaki, a zaune wannan karon.

Rumfar Lutfi ta uku ta tsira. A gahawa na ji, ba a gida ba.

Alhamis, 7 ga Disamba

Sanyi. Ƙanƙara ta sauka a saman duwatsu jiya, nan ƙasa hazo da yayyafi. Na yi niyyar in zauna gaban murhu kamar mai hankali.

Da hantsi na ji Wasila tana ta buruntu a kicin. Ta fito da tukunya ɗaure cikin ɗankwali, da wani ƙunshi. Ta ajiye a gabana. Tun ranar nan ba ta haɗa min kalma biyar a jere ba.

"Miyar sha'ir ce da naman rago. Mai ciwon ƙoda ba ya son gishiri, ban sa ba. Wannan kuma rigar sanyin marigayi babanmu ce, tana cikin akwati asu yana ci."

Na ce na wa?

"Kar ka mai da ni mahaukaciya. Tunda kai ne mai keke, kai musu."

Ina ɗaurewa tana tsaye tana cewa ba haka ba, za ta zube, matsa in yi. Ta ɗaure da kanta. Ta ce in an tambaya kar in ce daga gidan su wa rigar ta fito. Na ce Inna Mbarka ta san rigar kowa a garin nan. Ta ce to ta sani ɗin.

Hanyar ta zama kunu. Taɓo a ido, taɓo a baki, yatsu sun ƙage a birki. Wani alade ya tsallaka gabana da 'ya'yansa, ƙazami, ko kallona bai yi ba. Ledojin 'yan yawo suna nan inda suke. Hawan keke wasan banza ne, na faɗa kuma zan ci gaba da faɗa.

Miyar ta isa da ɗuminta, kaɗan ta zube. Baba Salah ya sa rigar a kan bargon. Hannun ya yi masa tsawo. Inna Mbarka ta shafa wuyan rigar ta ce, "Allah ya jiƙan mai ita." Ba ta ƙara ba. Ta wanke tukunyar da ruwan jarka ta cika ta da busasshen naman kaza, wanda ke tsirowa a daji bayan ruwa, ta ce a kai wa mai miya.

Na dawo ta doguwar hanya, wadda ta zaga ta saman tudu. Gajeriyar taɓo ya yi mata yawa, shi ke nan dalili. A sama hazon ya yage, na ga teku can wajen Tabarka. Na ɗan tsaya, don birki ya huce.

Wasila ta ce na daɗe. Na ce faci na yi.